Sitaj a zamanin korona: otel na Damagaram, na Yamai, babbar madafa, ko karatu ta waya?

Wata ranar Talata a 2021, da la'asar, wata ɗalibata mai karatun aikin otel ta same ni a ƙofar gida, a Birni, da takardu biyu a hannu. Ɗaya daga wani masauki ce na nan Damagaram, da sa hannu da hatimi, sun ce ta zo ta fara sitaj, wato koyon aiki a hannu, bayan Babbar Sallah. Ɗayar kuwa saƙon WhatsApp ne da ta kai aka buga mata a takarda, daga yayanta da ke Yamai: wai ya yi magana da wani, shi kuma wanin ya san wani a babban otel. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mushe, Baba ya ce duk wanda ka zaɓa shi za a yi." Na ce Alhaji ya ɗora mini kaya mai nauyi, shigo ki zauna.

Da a 2019 ne ta zo, ko tabarma ba zan sa a shimfiɗa ba, zan ce ta nemi kuɗin kar, wato bas, ta tafi Yamai. Amma kiɗa ya sauya. Ranar 17 ga Maris 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou ya sanar da rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 aka tabbatar da mai cutar na farko a Nijar. Ƙarshen watan aka killace Yamai, ba shiga ba fita, sai tsakiyar Mayu. Makarantu sun koma 1 ga Yuni, jirage 1 ga Agusta, iyakokin ƙasa kuwa sai 17 ga Yunin 2021. Ana cikin haka ƴan bindiga suka kai hari a Kure, kusa da Yamai, a watan Agustan 2020, ɗan abin da ya rage na Turawa masu yawon buɗe ido ya ƙarasa watsewa. A duniya baki ɗaya, masu tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa sun ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari a 2020.

Mu a nan dama ba masu zuwa kallon fadar Sarki da zanen gidajen Birni ne ke ciyar da otel ba. Masu cika ɗakuna su ne ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, jami'an gwamnati da aka turo aiki, mahalarta taron bita, ƴan kasuwar Kano, da masu yada zango kan hanyar Diffa ko Agadas. Otel ɗin Damagaram da taro yake numfashi. Ran da aka hana taro, ran nan ya suma. Wannan shi ya sa zaɓen wurin sitaj ya zama abin da sai an zauna an auna.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko, yawan aikin da zai ratsa hannunka. Sana'armu ta hannu ce da ƙafa da fuska. Gyaran gado a cikin minti kaɗan, ɗaukar faranti uku ba tare da miya ta zuba ba, tarbar baƙon da ya sauko daga kar da tsakar dare ransa a ɓace: ba wanda ya taɓa koyon waɗannan da ji. Kafin ka tambayi tauraro nawa otel yake da su, sayi shayi ka zauna wurin mai gadi, ka tambaye shi ɗaki nawa aka kwana a ciki daren jiya. Darekta yakan ƙara gishiri, mai gadi kuwa shi ke buɗe wa motoci ƙofa.

Na biyu, wa zai tsaya a kanka. Da kasuwa ta faɗi, wurare da yawa sun sallami ma'aikata, wasu daga cikinsu tsofaffin hannu ne. Sai ka tarar an karɓi ɗan sitaj da murna, ashe gurbin wanda aka sallama zai cike a kyauta, kuma babu mai ce masa "ba haka ake yi ba". Wata biyu kana maimaita kuskure, ka fito ka ƙware a kansa.

Na uku, takarda. A nan zan ɗan tsaya, don na ga abin da rashinta ke yi. A 2020 ina da ɗalibai uku a wani otel, sun yi sati biyar cikin takwas aka rufe. Aka ce su je gida, in abubuwa sun lafa su dawo a ba su shaida. Da suka koma, an canza mai kula da ma'aikata, sabon ya buɗe kundi bai ga sunan ko ɗaya ba, don da baki aka karɓe su. Na yi sawu uku, na ƙarshe har da rakiyar wani dattijo, a banza. Sai da suka sake sitaj daga farko. Tun daga nan ba na barin yaro ya sa rigar aiki sai an rubuta yarjejeniya mai sa hannu uku, na makaranta da na wurin aiki da nasa, da ranar farawa da ta gamawa, da sunan wanda zai kula da shi, da layi ɗaya da ke cewa in an rufe wurin kafin wa'adi za a ba shi shaidar kwanakin da ya yi.

Na huɗu, kuɗi. Galibin sitaj na makaranta ba a biya. Inda aka tausaya, a ba ka abincin rana da ɗan na mota. Don ka san inda ake, a 2021 mafi ƙarancin albashi a doka sefa 30,047 ne a wata, kuma wannan na cikakken ma'aikaci ne. To lissafin da za ka yi na abin da zai fita daga aljihun gidanku ne.

Na biyar, ɗorewa, ta fuska biyu: ko sitaj ɗin zai kai ƙarshe in cutar ta sake tasowa kamar yadda ta yi a Disambar 2020, da ko abin da ka koya zai ci gaba da ciyar da kai bayan annoba ta wuce. Na shida, haɗari ga lafiyarka da mutuncinka. Sauƙin samun wuri kuma zan taɓo shi a ƙarƙashin kowane zaɓi.

Otel ko masauki na nan Damagaram

Shi ne mafi sauƙin samu. Garin nan kowa ya san wani. Gaisuwar kawu ɗaya ta isa a buɗe maka ƙofa. Kuma shi ne mafi arha, tunda gida za ka kwana, tuwon Inna za ka ci. A ce kabu-kabu dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa: sefa 400 ke nan a yini, kwana 26 ya kama 10,400 a wata. Sa farashin unguwarku ka ga naka. Ƙara farar riga biyu, baƙin wando ko siket, da rufaffen takalmi, shi ke nan.

Matsalarsa ita ce zaman banza. Na taɓa kai ziyarar duba wani yaro a lokacin da abin ya yi tsanani. Na tarar da shi shi kaɗai a wurin tarbar baƙi, fanka na juyawa, allon makullai a bayansa cike fal, in ban da biyu ko wane makulli na rataye a ƙusarsa. A gabansa tulin adikon tebur ne, ya naɗe su siffar fulawa, ya warware, ya sake naɗewa. Na ce, "Me ka koya?" Ya ce, "Mushe, na iya naɗi kala bakwai." A 2021 da aka buɗe hanyoyi kuma taruka suka fara dawowa abin ya yi sauƙi, amma ba duk wurare ne suka farfaɗo ba. Bayan gyare-gyaren Zinder Sabuwa na bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba 2018, gari ya ƙaru da wuraren kwana, baƙin kuwa ba su ƙaru daidai da ɗakunan ba. Nemi wanda yake da zauren taro kuma ƙungiyoyi ke sauka a cikinsa. Wanda ɗakunan kwana kawai gare shi, ka bar shi sai in babu wani.

Inda ƙaramin otel ya fi babba shi ne, ba a ɗaure ka a kusurwa ɗaya. Da safe kana gyaran ɗaki, da rana kana kai abinci, da yamma kana rubuta takardar kuɗin baƙo, jibi an aike ka Kasuwar Dole sayen tumatir da albasa ka koyi ciniki da kuɗin da ba naka ba. Kuma a nan ne ake koyon darasin da ba ya cikin littafin Faransa ko ɗaya: ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk ɗan garin ya san yadda famfo ke yin shiru a watannin zafi. Baƙo na cikin wanka da sabulu a ido ruwa ya ɗauke, wuta ta bi bayansa, injin ya ƙi tashi. Yaron da ya san tun da asuba a duba tanki, a aje bokiti cike a kowane bayi, a riƙe lambar ƴan ga-ruwa, ya kuma san irin haƙurin da ake bai wa baƙo ba tare da ya ji an raina shi ba, wannan yaron ko ina aka kai shi a Sahel zai riƙe otel.

Haɗarin lafiya matsakaici ne: baƙi kaɗan ne, amma matafiya ne, kuma kai ke shiga ɗakinsu. Ka lura ko ana ba ma'aikata takunkumi da safar hannu, ko ana buɗe tagogi kafin a fara shara, ko ana hana kaɗe zanen gado. Ka kuma iya haɗa ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don goge ƙofofi da tebura ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ake so. In kwalbar ta ce kashi 5, awo ɗaya na jabel ne cikin awo 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Na san yarinyar da ta ɗauka yawan jabel shi ne yawan tsabta, ta mayar da tawul goma sha biyu tsumma a yini ɗaya, hannunta kuma ya yi sati yana saɓa.

Babban otel a Yamai

Ba zan rage masa daraja ba. Don taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 aka buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia, ga tsohon Gaweye a bakin kogi. A irin waɗannan wurare ne kawai za ka ga aikin yadda aka koya maka a allo: madafa mai sashen zafi da na sanyi da na burodi da kek, wanki da injina, ajiyar ɗaki ta kwamfuta da manhaja irin su Opera, baƙon da ya kama ɗaki ta Booking tun yana Istanbul. Za ka ji Turanci da Larabci da Faransanci a tebur ɗaya. Kuma Yamai ta riga kowa farfaɗowa, don can gwamnati da ofisoshin jakadanci suke. Tun Nuwambar 2020 ta karɓi taron ministocin harkokin waje na ƙasashen Musulmi. Sunan irin wannan otel a takardar neman aikinka yana buɗe ƙofa shekaru da yawa. Ta fuskar ɗorewar abin da aka koya, babu na biyunsa.

Amma samunsa ne aiki. Ɗaliban Yamai na kusa, makarantunsu sun riga sun ƙulla zumunci da otel-otel ɗin, kuma wurin da ya rage ma'aikata ba ya ɗokin ƙara baki. "Na yi magana da wani" ba gurbi ba ne. Gurbi shi ne wasiƙa daga ofishin kula da ma'aikata, da suna da rana.

Sai kuɗi. Kusan kilomita 900 ne ta Maradi da Ƙonni da Doso, ka tashi kafin asuba ka isa da dare. Kuɗin kar zuwa da dawowa shi ne ƙaramin abu. Babban shi ne kwana da ci da taksi na wata biyu ko uku a gari mafi tsada a ƙasar, kuma manyan otel-otel suna tsakiyar gari, ƴan uwanmu kuwa galibi a unguwannin gefe suke. Wanda aka sa aikin dare zai tashi lokacin da taksi ya yi wuya kuma ya yi tsada. In ba ka da gidan sauka na haƙiƙa, inda za a ba ka katifa da abinci ba a ƙirga maka loma, to kasafin zai ninka na zaman gida sau da yawa.

Haɗarinsa biyu. Yamai ce ta fi ko'ina yawan masu cutar tun farko, kuma ita aka killace. Wanda rufewar 2020 ta rutsa da shi can ya yi sati shida da ɗoriya ba aiki, ba hanyar gida, yana cin kuɗin da aka tanada don komawa. Ba na cewa za a sake, amma wanda zai tafi ya ɗaure kuɗin dawowa daban, kada ya taɓa su ko ana ha-maza-ha-mata. Na biyu kuma, a babban wuri ɗan sitaj ƙaramin ƙusa ne. Ana iya ajiye ka wurin goge kofuna wata biyu cur, ka dawo da hoton ka a gaban otel da sunan a takarda, hannu kuwa wayam. Sa a rubuta a yarjejeniya sassan da za ka zaga da satin da za ka yi a kowanne.

Ga ɗiyata mace akwai ƙarin magana, kuma gara a faɗe ta a gaban iyaye. Ki tambaya tun kafin ki tafi ko za a sa ki a mashaya, ko za a yarda da ɗankwali ko hijabin da ya dace da rigar aiki, ko otel na mayar da ma'aikatan dare gida. Ba abin kunya ba ne ki ce sashen abinci ko na ɗakuna ko na tarba kike so. Wurin kirki zai amsa miki kai tsaye.

Babbar madafa: kantin (ɗakin cin abincin ma'aikata), asibiti, masu abincin taro

Wannan shi ne zaɓin da ɗalibai ke yi wa kallon raini, ni kuwa shi na fi yawan turawa a shekarun nan biyu. Dalili ɗaya ne: annoba ta hana tafiya, ba ta hana cin abinci ba. Ma'aikatan kamfani irin matatar mai ta SORAZ da ke arewa da gari, wadda ke aiki tun 2011, da majinyata da ma'aikatan Babban Asibitin Damagaram, da sansanonin masu aikin hanya, duk sai sun ci kullum. Ɗakin cin abincin ɗaliban Jami'ar André Salifou ma babbar makaranta ce ga mai koyo, sai dai shi yana rufewa in an rufe karatu. Sannan ga matan garin nan masu ɗaukar kwangilar abincin taro da biki, waɗanda da yawansu suka koma zuba abinci a roba mai murfi, kowa da nasa, da aka daina cin tire ɗaya.

Na bi wata ɗalibata wurin wata Hajiya mai irin wannan aiki. Ƙarfe biyar na asuba an hura wuta. Shayin ƙarfe goma na mutum sittin, abincin rana ƙarfe ɗaya, a zaure biyu daban-daban. Hajiya na zaune a kujera ƴar tsugunno da littafi a cinya, ba ta ɗaga murya: shinkafa tiya kaza, kaji kaza, mai lita kaza, roba sittin da biyar don ba a rasa direban da ba a ƙirga ba. Yarinyar nan da ta zo tana tsoron wuƙa, a sati na uku ita ke auna rabon nama, tana kuma iya faɗa maka nawa kowane kwano ya ci da nawa ya bari. Wannan lissafin, na kuɗin kwano ɗaya, shi ne ƙashin bayan duk wani gidan abinci, kuma na ga masu babbar shaida da ba su iya shi ba.

A nan ne kuma ƙa'idojin tsabtar abinci ke fita daga takarda. Mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, mai zafi sama da 60, nama ya dahu har cikinsa ya kai 70, dafaffe kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, katakon yankan ɗanyen nama daban da na salak. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuma firigo ke mutuwa duk sa'ad da wuta ta ɗauke, miyar da aka bari tun safe tana iya kwantar da zaure guda. Da damina kuma ga fargabar amai da gudawa. Wanda ya riƙe wannan ilimi, korona ta tafi ko ta zauna, yana da abin sayarwa.

Kuɗinsa kamar na otel ɗin gida ne, har ya fi sauƙi, don ba a aikin madafa da yunwa. Samunsa a wurin masu kwangila ba wuya; a kamfani ko asibiti sai an bi ofis da wasiƙar makaranta, a yi haƙuri. Rauninsa a fili yake: ba za ka koyi tarba ko gyaran ɗaki ba, aikin na da gajiya, ga ƙuna da yanka da cunkoso a ɗaki mai zafi inda takunkumi ke jiƙewa cikin rabin awa. Mafi muhimmanci, takarda. Hajiya na iya fin darektoci goma iya aiki amma ba ta da rajista ko hatimi, makaranta kuma ta ƙi karɓar shaidarta. Tambayi makarantarku tun kafin ka fara.

Karatu ta intanet

Da aka rufe makarantu kowa ya ce a koma waya. A lokacin akwai abin kirki a can, kuma kyauta: dandalin OpenWHO na Hukumar Lafiya ta Duniya yana da darussa da Faransanci kan kare kai da hana yaɗuwar cuta, har da shaidar kammalawa, FUN-MOOC na jami'o'in Faransa da Coursera suna da darussan lissafin kasuwanci da talla da Turanci. Haɗarin lafiya babu, rufewa ba ta shafe shi.

Sai dai kyautar ta tsaya a bakin dandalin. Bidiyo na shan kuɗin intanet kamar rairayi da ruwa, ko Airtel kake ko Moov ko Zamani, ga caji, ga ƙannen da ke jiran wayar. Yawancin waɗanda na sani sun fara da zafi sun tsaya a sati na biyu. Wanda ya yi nasara shi ne wanda ya sauke darussa da dare ko a inda ya sami wifi, ya ware awa ɗaya bayan sallar asuba, ya zaɓi abu guda ya gama shi. In ka tambaye ni wanne, zan ce Turancin tarbar baƙi da Excel. Amma ban san makarantar da za ta karɓi wannan a madadin sitaj cikakke ba, kuma da ni ne mai ɗaukar aiki, ba zan ba mutum tire ba don ya kalli bidiyon ɗaukar tire. Mahaɗi ne, ba tuwo ba.

Ƙaramar sana'arka, da maganar Kano

Wasu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: suka fara kek, lemun zoɓo da na tsamiya, ko abincin rana na ma'aikatan ofis, suna talla a WhatsApp, ɗan kabu-kabu na kaiwa. Yana koyar da farashi da riƙon abokin ciniki fiye da kowane aji. Jarin naka ne, asarar ma taka ce, kuma babu mai gyara maka. Yana zama sitaj ne kawai in wani malami ya yarda ya riƙa duba littafin shiga da fitarka, makaranta kuma ta amince a rubuce. Mai wannan niyya ya leƙa ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, da na FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ya ji abin da suke da shi na matasa a lokacin.

Kano kuwa, kilomita wajen 240 ce kawai ta Matamai da Daura, ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, ga otel-otel, ga Turanci, ga dangi. Amma iyakar nan Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tamu kuma a lokacin da ɗalibar nan ta zo ba ta fi ƴan makonni da buɗewa ba. Shi ya sa a 2021 na ce ba zan tura yaro ba, sai mai gida biyu.

| Zaɓi | Aikin hannu | Kuɗin da zai ci | Samun wuri | In an sake rufewa | Takarda |
|---|---|---|---|---|---|
| Otel na Damagaram | Iri-iri, amma ya danganta da baƙi | Kaɗan | Da sauƙi | Zai iya tsayawa, kana gida | Ana samu |
| Babban otel a Yamai | Mai inganci, in an zaga da kai | Da yawa | Da wuya | Zai tsaya, kana nesa | Mafi nauyi |
| Babbar madafa | Mai yawa, girki kawai | Kaɗan | Matsakaici | Kantin da asibiti na ci gaba | Sai an bincika |
| Intanet | Babu | Kuɗin intanet | Nan take | Ba ruwansa | Ba ta isa ita kaɗai ba |
| Sana'ar kai | Mai yawa, ba mai gyara | Jari | A hannunka | Na iya ci gaba | Sai da yardar makaranta |

Wa ya dace da wanne

Ɗan shekarar farko, wanda bai taɓa riƙe tire ba, ya zauna gida ya nemi otel mai zauren taro. Kuskuren farko gara a yi shi inda in an kore ka za ka iya takowa gida da ƙafa.

Mai son girki, ko mai mafarkin buɗe gidan abincinsa, ya tafi babbar madafa, kantin mai hatimi in makarantarsu mai tsauri ce, wurin mai kwangila in tana da sassauci. Mai ciwon suga, ko asma, ko wanda ke kwana ɗaki ɗaya da tsoho marar lafiya, ya kauce wa madafar asibiti da gyaran ɗakunan matafiya. Ya nemi mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ko ofishin lissafi, ya cike da darasin intanet. Kuma tunda an fara allurar rigakafi a ƙasar nan tun 29 ga Maris 2021, da Sinopharm sannan AstraZeneca, duk wanda ya kai shekara 18 ya je a yi masa kafin ya fara, ya adana katin.

Ɗan shekarar ƙarshe da ke son aikin tarba ko shugabanci a babban otel, shi ne wanda Yamai ta cancanci wahalarta, in abu uku sun haɗu: wasiƙa mai hatimi, gidan sauka, da kuɗin dawowa a ɗaure. Biyu cikin uku ba su isa ba. Wanda gidansu ke jiran abin da zai kawo yau, ya riƙe sana'arsa, ya nemi sitaj na rabin yini don takarda.

Ita ɗalibata shekararta ta biyu ce, tarbar baƙi take so, kuma Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Na ce ta karɓi masaukin nan, amma gobe ta fara zuwa ta gaida mai gadinsu ta ji ɗaki nawa ake kwana. Ta sa awa ɗaya ta Turanci bayan asuba har ƙarshen damina. Yayanta kuma ta gode masa, ta ce ya nemo wasiƙar daga ofishin ma'aikata don baɗi. Ta naɗe takardun biyu ta sa a jaka, ta ce, "To Mushe, in Baba ya tambaya?" Na ce ki ce masa zan biyo bayan sallar isha'i mu yi maganar da kaina.